Théodore Monod: mutumin hamada da ya share rayuwarsa yana tantance jatan lande da ƙaguwa

Duk wanda ya san sunan Théodore Monod a Afirka ta Yamma, hoton da ke fara zo masa a rai shi ne na wani tsoho mai farin gemu yana tafe a ƙasa kusa da raƙumi cikin rairayin Muritaniya. Akwai gidan tarihi mai sunansa a Dakar, akwai makarantar sakandaren Faransa mai sunansa a Nouakchott. Sai dai aikin da aka ɗauke shi dominsa tun yana saurayi, wanda ya yi digirin digirgir a kansa kuma ya riƙe har tsufa, shi ne nazarin halittun ruwa masu ɓawo: ƙaguwa, jatan lande da danginsu. Wato irin jatan landen nan da matan Zongo ke saye busasshe a kasuwannin Wagadugu su daka a zuba a miya, wanda ƴan kasuwa suka fi kira da sunansa na Faransanci, crevette. A wurin Monod, waɗannan ƙananan halittu shaidu ne na tekuna da kogunan da suka shuɗe, kuma abin da ya biyo bayan gina madatsun ruwa a yankinmu ya nuna cewa sanin su ya shafi lafiyar mutane.

Ɗan gidan malaman coci

An haifi Théodore Monod ranar 9 ga watan Afrilun 1902 a birnin Rouen na Faransa. Mahaifinsa, Wilfred Monod, fasto ne na ɗarikar Furotesta, kuma gidansu ya daɗe yana fitar da malaman coci da likitoci da masana. A 1907 iyalin suka koma Paris. A can yaron ya saba da zuwa Jardin des Plantes, lambun da ke ɗauke da babban gidan nazarin halittu na ƙasar, wanda ake kira Muséum. Ya yi karatun kimiyyar halittu a jami'ar Sorbonne, kuma a 1922, yana ɗan shekara 20, Muséum ya ɗauke shi mataimaki a sashen Farfesa Abel Gruvel, mai kula da harkar kamun kifi a ƙasashen da Faransa ta mallaka.

A ƙarshen wannan shekara aka tura shi Port-Étienne, garin da yau ake kira Nouadhibou, don ya ƙididdige kifaye da sauran halittun gaɓar tekun Muritaniya. Garin na tsakanin teku da hamada. Da aikinsa ya ƙare a 1923, maimakon ya hau jirgin ruwa, sai ya bi raƙuma ta kan tudu har zuwa Saint-Louis na Senegal. Daga wannan tafiya rayuwarsa ta rabu gida biyu, rabi a ɗakin bincike kan madubin ƙara girma, rabi a kan hanyar ayari.

Digirin digirgir ɗin da ya kammala a 1926 a kan wasu ƙananan halittun teku ne da ake kira Gnathiidae, waɗanda ƴaƴansu ke maƙale wa kifi suna shan jininsa. Namiji da mace da ɗa a cikinsu sun sha bamban da juna ƙwarai, har masanan farko suka ba su sunaye daban-daban suna zaton halittu ne da ba su haɗa komai ba. Littafin da ya rubuta a kansu ya haura shafi 600. Darasin da ke cikin wannan aiki ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: kama ba ta wane ba ce, kuma rashin kama bai kore zumunta ba.

Ƙwaron maɓuɓɓugar El Hamma

Abin da ya fara ɗaga sunansa a tsakanin masana ya zo ne daga Tunusiya. A garin El Hamma, kusa da Gabès, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da mutane ke wanka a cikinta tun zamanin Rumawa, zafin ruwan kuwa ya kai wajen digiri 45. A cikin wannan ruwa aka kamo wata ƴar halitta marar idanu, tsawonta bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. A 1924 Monod ya bayyana ta, ya raɗa mata suna Thermosbaena mirabilis. Ta yi kama da ɗan jatan lande, amma da ya duba gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya ya ga ba ta shiga ko ɗaya daga cikin rukunonin da aka sani ba. A 1927 ya buɗe mata sabon rukuni sukutum, Thermosbaenacea. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka bambanta wannan rukuni shi ne macen na goyon ƙwanta a baya, ƙarƙashin ɓawonta, alhali makusantansu a ciki suke ɗaukar nasu.

Bayan shekaru aka riƙa gano ƴan uwan wannan halitta a kogunan dutse da rijiyoyi: a Italiya da sauran gaɓar Bahar Rum, a tsibiran Karebiyan, a Somaliya, har Ostareliya. An sa wa gida guda daga cikinsu suna Monodella don girmama shi. Halittu ne makafi da ba sa iya doguwar tafiya, to me ya watsa su haka? Da aka ɗora wuraren a kan taswira, sai aka ga sun bi gaɓar wani tsohon teku da masana ilimin ƙasa ke kira Tethys, wanda ya taɓa ratsawa tsakanin Afirka da Turai da Asiya kafin ya rufe. Tekun ya janye, ya bar zuri'arsa a maƙale cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ke nan ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya zama hujja a kan tarihin nahiyoyi.

Yadda jatan lande ya baro teku

Irin wannan tambaya ce masana ke yi a kan jatan landen ruwan daɗi. Tsarin raɗa suna da ake amfani da shi tun zamanin Carl von Linné, masanin Suwidin na ƙarni na 18, yana ba kowace halitta suna biyu, na gida da na yanka. Gidaje masu kusanci su haɗu su zama dangi, dangogi su zama rukuni. Asalin jatan lande teku ne, kuma har yanzu mafi yawansu a can suke. Amma akwai jinsi fiye da 700 da ke zaune a koguna da tafkuna da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma binciken gaɓoɓinsu da na ƙwayoyin gado ya nuna ba su fito daga kaka ɗaya ba. Zuri'o'i daban-daban ne suka shigo ruwan daɗi, kowace a nata lokacin. An samu burbushin wasu a duwatsun Sifaniya da Burazil da suka haura shekara miliyan 100.

Dangi biyu ne suka kwashe kusan duka. Na farko Atyidae, masu ƴan hannaye da gashi a baki kamar burushi, da shi suke share ƙasan ruwa ko su tace abinci. A cikinsu akwai gidan Caridina, ƙanana sirara da ke ɓuya cikin ciyawar bakin ruwa, da gidan Atya, irin su Atya gabonensis mai kaurin jiki da ke riƙe duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Na biyu Palaemonidae, inda gidan Macrobrachium yake, ma'anar sunan kuwa mai dogon hannu. Babbansu a kogunan Afirka ta Yamma shi ne Macrobrachium vollenhovenii, wanda ake samu daga Senegal har Angola. Tafkin Chadi kuma yana da Macrobrachium niloticum, wanda ake samu a kogin Nilu, alamar cewa ruwayen biyu sun taɓa haɗa hanya.

Lokacin da Monod ya shiga Muséum, babban masanin wannan fanni a gidan shi ne Eugène Louis Bouvier, wanda ya fitar da littafinsa a kan dangin Atyidae a 1925. Bouvier ya ga wasu jatan lande masu hannaye iri biyu a kogi ɗaya, ya ɗauka cewa wani gida ne ke rikiɗa farat ɗaya ya haifi wani gidan. Binciken da aka yi daga baya ya nuna jinsi ɗaya ne mai siffar hannu iri biyu. Kuskuren babban malami irin wannan ya isa ya nuna wahalar aikin: ana ƙirga haƙoran da ke kan tsinin goshin dabbar, a auna kowace gaɓa ta ƙafa, a kwatanta namiji da mace, yaro da babba, kafin a yanke hukunci.

Hanyar haihuwa ita ce ta fi bayyana inda kowace zuri'a ta kai a wannan hijira. Wasu, kamar Macrobrachium vollenhovenii, suna girma a ruwan daɗi amma ƴaƴansu ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗan gishiri. Mace kan saki dubban ƙananan ƙwai, tsutsotsin su girma a bakin kogi inda yake haɗuwa da teku, sannan matasan su kama hanyar hawa kogi, tafiyar da kan kai ɗaruruwan kilomita. Wasu kuwa sun yanke hulɗa da teku gaba ɗaya. Suna yin ƙwai kaɗan manya, ɗan ya fito kusan da siffar uwarsa. Desmocaris trispinosa na fadamun dazuzzukan Afirka ta Yamma yana cikin waɗannan. Akwai kuma ɗan ƙaramin dangin Euryrhynchidae, da ake samu a yankin Amazon na Kudancin Amurka, da kuma dazuzzukan Saliyo, Najeriya da Kamaru. Tun da ba sa shiga ruwan gishiri, bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne kakanninsu sun rayu tun nahiyoyin biyu suna manne, kafin tekun Atilantika ya raba su wajen shekara miliyan 100 da suka wuce.

Shekara 27 a Dakar

A 1936 gwamna janar Jules Brévié, wanda ya taɓa mulkin Nijar, ya kafa cibiyar bincike ta IFAN a Dakar. A 1938 aka ba Monod shugabancinta, ya riƙe har 1965. Ya tarar da ita kusan babu ma'aikata, ya bar ta da ɗakin karatu, ɗakunan ajiyar tsirrai da dabbobi, mujallu, da rassa a ƙasashen yankin. Reshen Yamai, da aka buɗe a 1944, wanda Boubou Hama ya taɓa shugabanta, shi ne ya zama cibiyar IRSH ta yau. Reshen Wagadugu, da aka buɗe wajen 1950, ya zama CVRS a 1965, sannan CNRST a 1978. Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin karatun wannan cibiya ya taka wani ɓangare na gadon Monod.

IFAN cibiyar mulkin mallaka ce, da kuɗin gwamnatin mallaka take aiki, kuma a zamaninsa manyan kujerunta na hannun Turawa. Ƴan Afirka da yawa da suka tattaro tsirrai da kwari da labaran baka sun tsaya a matsayin mataimaka. Duk da haka ta ƙofarta wasu manyan masana suka fito. Amadou Hampâté Bâ, wanda ya yi aikin malanta a ofisoshin Haute-Volta har da Wagadugu tun daga 1922, ya shiga IFAN a 1942 da taimakon Monod, a lokacin da hukuma ke takura wa almajiran shehinsa Tierno Bokar na Bandiagara. Abotar Kirista ɗan fasto da wannan Musulmi Batijjane ta ɗore har mutuwa ta raba. A ƙarƙashin IFAN ɗin ne kuma Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin auna shekarun kayan tarihi a shekarun 1960.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Dakar na hannun gwamnatin Vichy mai haɗa kai da Jamus. Monod, wanda ya auri Olga Pickova, ƴar asalin Yahudawan ƙasar Cek, a 1930, ya yi amfani da shirinsa a Radio Dakar ya soki wariyar launin fata har aka dakatar da shirin. A 1960 ya sa hannu a takardar da mutum 121 suka fitar ta goyon bayan matasan Faransa da suka ƙi yaƙin Aljeriya.

Duk da nauyin ofis bai ajiye madubinsa ba. A 1956 ya fitar da littafi mai shafi fiye da 600 da ɗaruruwan zane a kan ƙaguwar Afirka ta Yamma. A 1966 ya fitar da wani aiki a kan jatan lande da ƙaguwar gaɓar yankin. A 1980, yana da shekara 78, shi ya rubuta babin jatan lande da ƙaguwa a littafin halittun ruwan Sahel da Sudan wanda Jean-René Durand da Christian Lévêque suka tsara wa cibiyar ORSTOM. Irin wannan babi jagora ne na tantancewa: mai bincike ya kamo dabba a kogin Mouhoun ko Neja ko Komadugu, ya bi siffofinta mataki-mataki har ya kai ga sunanta.

Ruwan da ke ƙarƙashin rairayi

Tafiye-tafiyen hamada da suka sa duniya ta san shi ba su rabu da wannan aiki ba. A 1925 zuwa 1926 ya ratsa Kamaru yana nazarin kifi har Tafkin Chadi. A 1927, cikin ayarin Augiéras da Draper da ya taso daga Aljeriya ya nufi Dakar, shi da abokin aikinsa Wladimir Besnard suka tono ƙasusuwan wani mutum a Asselar, arewacin Mali, wanda aka ƙiyasta ya rayu fiye da shekara 6,000 da suka wuce. A ƙasar wurin akwai ƙasusuwan kifi da ɓawon katantanwar ruwan daɗi, a inda yau babu ɗigon ruwa. Tafkunan dutse na Muritaniya da Chadi, inda kifi da kada suka saura a tsakiyar hamada, labari ɗaya suke bayarwa da ƙwaron El Hamma: ruwa ya tafi ya bar masu rai a baya.

Littafinsa Méharées na 1937 ya ba da labarin waɗannan tafiye-tafiye na farko. Tsakanin 1953 da 1964 ya ratsa Majâbat al-Koubrâ sau da dama, wato faffaɗan rairayin da ke tsakanin Muritaniya da Mali, inda ake tafiyar kusan kilomita 900 ba rijiya. A 1964 ya kai ga kayan wani ayari da aka binne a Ma'den Ijâfen ɗaruruwan shekaru da suka wuce: sandunan tagulla fiye da 2,000 da tarin wuri, irin kuɗin da kasuwannin Hausa suka daɗe suna ciniki da shi. Ya kuma shafe shekaru fiye da 50 yana neman wani ƙaton dutsen ƙarfe da wani hafsan Faransa ya ce ya gani kusa da Chinguetti a 1916, wai daga sama ya faɗo. Bai same shi ba, a ƙarshe ya bayyana cewa a ganinsa hafsan ya ruɗe ne da wani tsauni. Ƙasan teku ma bai bar shi ba: a 1948 shi ne ya shiga jirgin nutso na Auguste Piccard a gwajinsa na farko kusa da tsibiran Cap-Vert.

Abin da madatsar Diama ta koyar

Amfanin sanin wane jatan lande ne ke buƙatar teku ya fito fili tun Monod na raye. A 1986 aka kammala madatsar Diama kusa da bakin kogin Senegal, don hana ruwan gishiri hawa da kuma samar da ruwan noman rani. Madatsar ta datse hanyar Macrobrachium vollenhovenii tsakanin wurin haihuwarsa da wurin girmansa, ya kusa ɓacewa daga saman kogin. Shi kuwa babban abincinsa ya haɗa da ƙananan katantanwa, waɗanda a jikinsu tsutsar tsargiya ke girma kafin ta shiga fatar mutum. Ruwa ya tsaya cik, gishiri ya ragu, ciyawa ta yaɗu, mai cin katantanwa ya tafi. A 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji a Richard-Toll, cikin ƴan shekaru ta kama mafi yawan mutanen wasu ƙauyukan yankin.

A 2015 wasu masu bincike suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a ƙauyen Lampsar, inda suka mayar da wannan jatan lande a mashayar da mutane ke wanka da wanki. Katantanwa masu ɗauke da cutar sun ragu ƙwarai, haka ma yawan ƙwan tsutsar a jikin mutane bayan an ba su magani. Wannan ya shafi Burkina Faso kai tsaye. Mouhoun, Nakambé da Nazinon duk a kogin Volta suke zubawa, kuma tun 1965 madatsar Akosombo ta Ghana ta shiga tsakaninsu da teku. Ƙasar na da madatsu manya da ƙanana fiye da 1,000, tsargiya kuwa sananniyar cuta ce ga yaran da ke wasa a bakinsu. Kafin a yi tunanin kiwon jatan lande don abinci ko don yaƙi da katantanwa, dole a san wane jinsi ne ke wane ruwa, wanne ke iya haihuwa a nan, wanne ne sai ya je teku. Wannan shi ne aikin da Monod da ire-irensa suka aza wa tubali.

Ƙarshen tafiya

An zaɓe shi a majalisar masana kimiyya ta Faransa a 1963, ya bar kujerar farfesa a Muséum a 1973, amma ya ci gaba da zuwa ɗakin bincikensa kusan kullum. Yana cikin waɗanda suka ba Muritaniya shawarar keɓe gandun Banc d'Arguin, wanda aka kafa a 1976 a gaɓar da ya fara aiki yana saurayi. Ba ya cin nama, ba ya shan giya ko taba, kuma kowace shekara daga 6 zuwa 9 ga watan Agusta yakan yi azumi don tunawa da Hiroshima da Nagasaki da nuna adawa da makaman nukiliya. Ya haura shekara 90, idanunsa sun kusa rufewa, yana komawa hamada.

Ya rasu ranar 22 ga watan Nuwamban 2000 a Versailles yana da shekara 98, ya bar ƴaƴa uku. Ya bar tarin samfurori kusan 20,000 da ya tsinto da hannunsa, kowane da lambarsa da wurin da aka same shi, da rubuce-rubuce fiye da 1,000. Jerin jatan landen ruwan daɗi na Afirka ta Yamma kuwa har yau bai cika ba. Ana sake duba sunayen gidan Caridina da na Macrobrachium da na'urorin binciken ƙwayoyin gado, kuma a yanzu ɗaliban jami'o'in Wagadugu, Yamai, Kotonu da Abijan ne ke shiga ruwa da koma don kammala shi.